Ɗan Gwangwanin Da Ya Fitar Da Mu Kunya Ranar Walima



Tun ranar walimar saukar Alƙur'ani ta ɗaliban Islamiyyarmu mutane ke tare mu a hanya suna tambaya, wai mene ne ɗan gwangwanin nan da aka ajiye a gaban Malam, mai wayoyi biyu da abin murɗawa a kansa? Wasu sun ɗauka asusu ne, har wani dattijo ya riƙa juya shi yana neman ramin jefa sadaka. Shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta labarinsa a nan sau ɗaya, da daɗinsa da rashin daɗinsa, don akwai kurakuran da muka yi waɗanda ba mu so wani ya maimaita.

Mu huɗu ne ƙungiya ta ɗora wa kula da kayan lasifika. Biyu masu gyaran waya ne, ɗaya yana sayar da caja da iyafis, ƙaraminmu kuma bai daɗe da gama sakandare ba. Babu injiniya a cikinmu. Abin da ya haɗa mu da wannan aiki shi ne muna zaune a ɓangaren Ojo, kusa da kasuwar Alaba, inda kayan lantarki ba su da wuyar samu, kuma muna da karambani.

Asalin gwangwanin ba na masallaci ba ne. Kusan shekara biyu da suka wuce ɗayanmu ya sayi wani babban hedfon na hannu, irin na masu aikin sitidiyo, don sauraron karatu da dare. Da ya sa a wayarsa sai murya ta fito can ƙasa ko da ya ƙure bolum. Da muka duba sai muka ga an rubuta om 250 a jikinsa, alhali iyafis ɗin da aka saba da su om 16 ne zuwa 32. Irin wannan hedfon yana son bolt fiye da abin da yawancin wayoyi ke iya bayarwa. Maimakon ya sayar, sai muka ce bari mu haɗa masa 'yar ƙaramar amfilifaya.

Tsarin da muka bi sananne ne a wurin masu haɗa kayan sauti da hannu. Wani mutum mai suna Chu Moy ne ya fitar da shi a ƙarshen shekarun 1990, shi ya sa ake kiransa CMoy, kuma an saba saka shi a cikin ɗan gwangwanin alewa. Kayan haɗinsa ba su da yawa: aisi ɗaya, wato ɗan baƙin abin nan mai ƙafa takwas wanda amfilifaya biyu ke cikinsa, ɗaya ta kunnen hagu ɗaya ta dama, sai 'yan rezisto da kafasito, da bolum, da batir mai bolt 9. Irin aisin da mai tsarin ya yi amfani da shi ba mu same shi ba, sai muka sa TL072, wanda ba ya wuyar samu a Alaba. Muka zauna dare biyu da ƙarfen soda da dalma, muka huda wani ƙaramin gwangwanin biskit muka zuba shi a ciki. Ya yi aiki, mai shi ya ji daɗi, mu kuma muka manta da zancen.

Saura kwana goma walima aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare, mikisar ƙungiya na jone, ta ƙone. Amfilifayar babba ta tsira domin an zare ta. To amma wannan amfilifaya, kamar yadda tsofaffin 'yan kwamiti suka sani, ramin makirfonta ya mutu tun da daɗewa, an kai gyara sau biyu bai tsaya ba. Dalilin sayen mikisar ke nan tun farko. Abin da ya rage mata mai rai shi ne ramin oks, wanda ake jona waya ko rediyo.

Muka je wurin Ma'aji da maganar sabuwar mikisa. Ya buɗe littafi ya nuna mana. Abin da ke cikin asusu an riga an yi alkawarinsa ga ɗan'uwanmu da ke kwance a asibiti, kuma kuɗin haya ma na kwana ɗaya sai an taɓa wancan. Ya ce, "Samari, ni ba zan cire kuɗin magani in sayi kayan sauti ba. In babu dabara, yara su yi karatunsu da bakinsu." Gaskiya ya faɗa, ba mu da ta cewa. Amma mun san filin da za a yi taron, a bakin titi yake, ga janareto ta ko'ina. Yarinyar da ta shekara biyar tana jiran wannan rana, iyayenta sun taso daga Agege ko Mile 12, in ta yi karatu babu lasifika ko sahun gaba ba zai ji ta ba.

A hanyar komawa ne ƙaraminmu ya ce, "Yaya, gwangwanin nan naka ba amfilifaya ba ce?"

A nan bari mu ɗan yi bayani, domin duk abin da ya biyo baya a kansa ya rataya. Aikin da mikisa ke yi mana kashi biyu ne. Tana haɗa makirfo da yawa wuri ɗaya, sannan tana ɗaga 'yar wutar da makirfo ke fitarwa ta kai matakin da babbar amfilifaya za ta iya aiki da ita. Wannan aiki na biyu shi ne share fage, abin da masu gyara ke kira firi. Babbar amfilifaya ba ta jin raɗa. Ramin oks an yi shi ne don sautin da ya riga ya kai wani mataki, wajen bolt 0.3 a kayan gida, wajen bolt 1.2 a kayan ƙwararru. Amfilifayar hedfon kuwa, in aka duba cikinta, ɗaga wuta take yi ita ma, ga bolum a jikinta. Nauyin ma sauƙi yake yi mata: hedfon mai om 32 ko 250 yana jan wuta sosai, ramin oks kuwa yawanci om dubu 10 ne ko fiye, kusan ba ya jan komai. Kamar ɗan dakon da ya saba da buhun shinkafa ne aka miƙa masa ledar burodi. Saboda haka tunanin yaron daidai ne.

A daren muka gwada. Muka jona waya a gwangwanin, muka jona gwangwanin a ramin oks, muka kunna karatu. Murya ta cika masallaci, har sai da muka yi saurin rage ta, domin da an ɗan taɓa bolum sai ta yi tsalle. Muka tafa. Washegari bayan Azahar muka sami Shugaba da Ma'aji muka ce an gama, kada a damu, ba sai an kashe ko sisi ba.

Kuskurenmu na farko ke nan, kuma ya fi sauran muni. Gwajin da muka yi bai tabbatar da komai ba. Waya da kanta tana iya fitar da rabin bolt ko fiye, ko babu gwangwanin za ta iya tuƙa ramin oks. Gwangwanin namu yana ninka wuta sau 11. Rezisto biyu ne ke yanke wannan adadi: a raba babban da ƙaramin a ƙara ɗaya, namu om 10,000 ne da om 1,000. Ninki 11 ya yi wa waya yawa, shi ya sa bolum ke tsalle. Amma ranar walima ba waya za ta yi karatu ba.

Daren Juma'a aka yi taron iyaye, muka ce a nan za mu nuna bajintarmu. Muka jona makirfo, Malam ya karɓa ya yi sallama. Shiru. Muka ƙure bolum ɗin gwangwani, muka ƙure na amfilifaya, sai ga muryarsa can nesa kamar daga cikin rijiya. Makirfo irin tamu, wadda ba ta amfani da batir, abin da take fitarwa in ana magana bai fi kashi biyu zuwa biyar cikin dubu na bolt ɗaya ba. A ninka wannan sau 11, har yanzu ba a kai ko'ina ba. Irin wannan makirfo tana son ninki 100 ko fiye. Malam ya ajiye ta a hankali ya ce, "Ba komai, Allah Ya yi muku albarka," ya ci gaba da bakinsa. Da ya yi mana faɗa da ya fi mana sauƙi.

Kwana biyu muka yi muna kame-kame. Muka cire rezisto mai om 10,000 muka sa mai 100,000, ninki ya koma 101. Murya ta fito, amma da zarar mai magana ya yi shiru sai a ji "shuuu" a lasifika, kuma rage bolum ba ya rage shi, murya kaɗai yake ragewa. Dalili shi ne a tsarin CMoy bolum yana gaban aisi ne, shi kuma wannan huci a cikin aisin ake haifarsa, bayan an wuce bolum.

Sai kuma muka yi kuskure na biyu. Amfilifayar masallaci tana aiki da batirin mota mai bolt 12 in babu wuta. Muka ce me zai sa mu riƙa sayen ƙananan batura, ga babba a ajiye? Muka ja waya biyu daga batirin motar zuwa gwangwani. Da muka soka wayar oks sai lasifika ta yi wata irin ƙara, "gum", kamar an buga ƙofa da ƙafa, murya kuma ta ɓace. Muka zare da sauri. Da muka sa mita muka ga tsayayyiyar wuta ta bolt da yawa a bakin fitar sauti, inda ya kamata a ga kusan sifili. Allah Ya taimake mu babu abin da ya ƙone. Da lasifikar ta tafi, da asarar ta fi ta mikisa.

A nan ne muka sauke girman kai muka tafi wurin Baba mai rediyo. Da yawanku kun san shi, kuna wuce shi a rumfarsa. Shekaru da dama yana gyaran rediyo da kaset, yanzu ido ya yi rauni, aikin ma ya ja baya tunda kowa ya koma waya. Mu da muke gyaran waya ba mu taɓa zama mun tambaye shi komai ba, gaisuwa ce kawai.

Ya sa muka zana masa tsarin da manyan layuka a bayan kwali, ya kawo fuskarsa kusa ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa a kan rezisto biyu da ke kusa da batir ya ce, "Yarana, wannan at ɗin naku na aro ne." Ya bayyana mana cewa aisin yana son wuta ta sama da ta ƙasa, da tsakiya da za a kira sifili. Tunda batir ɗaya ne, mai tsarin ya raba shi biyu da rezisto biyu masu om 4,700, ya mai da tsakiyarsu at, wato wayar ƙasa da ake auna komai daga gare ta. Muddin gwangwani na kan batirinsa shi kaɗai, lafiya lau. Amma da muka ɗebo wuta daga batirin motar, at ɗin gwangwani ya zama bolt 6 a saman nagetif, alhali at ɗin amfilifaya shi ne nagetif ɗin kansa. Wayar oks ta zo ta haɗa su biyun. Rabin wutar aisin ya tafi, shi kuma ya watso abin da ya ga dama.

Muka ce, "To Baba, maganar huci fa?"

Ya ce, "Hedfon kunne nawa gare shi?" Muka ce biyu. "Malam baki nawa gare shi?" Muka yi dariya. Ya ce rediyo ba ta ɗaga murya a tashi ɗaya, hawa-hawa take yi. Muna da amfilifaya biyu a cikin aisi, muna wahalar da ɗaya, ɗaya na zaune. A mayar da rezisto na asali, a sa makirfo a ta hagu, abin da ya fito a bi da shi ta bolum, sannan a shigar da shi ta dama. Sau 11 sau 11 ya zama 121. Kuma tunda bolum ya koma tsakiya, in an rage murya, hucin hawan farko ma zai ragu tare da ita.

Akwai abin da wannan shawara za ta ci, kuma kowa ya gane. In aka yi haka gwangwani ya daina zama na hedfon, kunne biyu sun zama baki ɗaya. Muka kalli mai shi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce a yanka.

Ga abin da muka yi, ga mai son ya gwada. Muka cire rezisto biyun da ke raba batir, muka sa batir biyu masu bolt 9 a jere, mahaɗarsu ta zama at na gaskiya, bolt 9 sama bolt 9 ƙasa. Muka sa makunni mai yanke batir biyun lokaci ɗaya. Muka jera hawa biyun kamar yadda Baba ya ce, da kafasito a tsakani. A bakin fita muka sa kafasito mai maikrofarad 10 don kada tsayayyiyar wuta ta sake wucewa zuwa amfilifaya, da rezisto mai om 100 don doguwar waya kada ta rikita aisin. Muka haɗa jikin gwangwanin da at, domin ƙarfen ya zama garkuwa. Muka ƙara wani rami da ke shiga kai tsaye a bolum, ya tsallake hawan farko, don ranar da za a jona waya. Kafin mu kai shi kusa da amfilifaya sai da muka auna bakin fita da mita muka ga sifili. Duka kayan da muka ƙara ba su kai kuɗin abincin ranarmu mu huɗu ba.

Gwaji ya koya mana wasu abubuwa biyu. Na farko, wayar makirfo ta zama gajera, gwangwani ya zauna kusa da mai magana, doguwar waya ta kasance daga gwangwani zuwa amfilifaya. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma doguwar waya tana tsintar wannan gurnani a hanya. In ta tsinto shi kafin a ninka, za a ninka shi sau 121 tare da murya. Dalilin da ya sa kuka ga gwangwanin a gaban Malam ke nan. Na biyu, a fara kunna gwangwani sannan amfilifaya, wajen kashewa kuma a fara kashe amfilifaya, in ba haka ba lasifika za ta sha bugu. Batun batir kuwa, wanda ya jefa mu cikin wahala, ashe ba abin damuwa ba ne. TL072 wajen miliyamf 3 yake ci, batir mai kyau zai yi sa'o'i masu yawa. Sharaɗin kawai a canza su biyun tare.

Wannan karon ba mu je mun yi wa kowa alkawari ba. Ranar Laraba bayan Isha muka roƙi Malam ya tsaya. Muka ce, "Allah gafarta Malam, a sake gwada mu." Ɗayanmu ya fita har bakin titi ya tsaya kusa da mai shayi. Malam ya karanta Fatiha, na waje ya dawo da gudu ya ce har mai shayi ya ce amin.

Ranar walima kun gani da idonku. Yara suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna zama a gaban makirfo ɗaya tilo. Akwai wata ƙaramar yarinya mai sanyin murya, ƙaraminmu ya ɗan murɗa mata bolum, muka hango mahaifiyarta can baya wajen mata ta miƙe tsaye tana share hawaye. Baba yana zaune a gefenmu a kan kujerar roba, bai ce komai ba har aka tashi.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ƙungiya ba ta bukatar mikisa. Tana bukata. Gwangwanin makirfo ɗaya yake ɗauka, ba shi da wurin gyara kauri ko sirantar murya, kuma in aka ƙure shi har yanzu ana jin ɗan huci, don TL072 ba shi ne aisi mafi shiru ba. Ranar da za a yi taro mai masu magana uku ba zai wadatar ba. Amfilifayar hedfon da aka haɗa a gida tana iya share wa babbar amfilifaya fage, mun gani, amma sai an san nawa abin da za a jona yake fitarwa, nawa ake bukata a ɗaya bakin, kuma ina at yake. Mu ba mu tambayi ko ɗaya daga cikin ukun nan ba kafin mu je mu cika baki a gaban manya, kuma muna ba Shugaba da Ma'aji da iyayen da suka zo taron daren Juma'a haƙuri.

Muna da roƙo guda biyu. Na farko, in ɗan'uwanmu ya samu sauƙi asusu ya farfaɗo, a sayi mikisa, a haɗa da abin kare kaya daga wuta mai ƙarfi, kuma a riƙa zare komai bayan an gama amfani. Na biyu ya fi mana muhimmanci. Abin da ya gagare mu kwana biyu, Baba ya warware shi kafin shayinsa ya huce, a bayan kwali, da idon da ba ya gani sosai. Mun tambaye shi ko zai yarda ya riƙa zama da yara ranar Asabar bayan La'asar, mu mu zama hannunsa da idonsa, ya ce in za a zo zai zauna. Abin da ake bukata ƙarfen soda biyu ne ko uku, da mita, da benci, da ɗan abin da za a riƙa ba Baba na sabulu. Duk mai yaro ko yarinya da ke da sha'awa, ko mai tsohuwar rediyo da ba ya amfani da ita, ya same mu a masallaci bayan Magariba.

Shi kuma mai hedfon, mun yi masa alkawarin sabon gwangwani, kuma shi ne aikin farko da ajin zai yi.

Allah Ya ba ɗan'uwanmu lafiya, Ya albarkaci karatun yaranmu, Ya saka wa Baba da alheri.